Wasan da Ba a Gwada Ba

Kawu ya rantse ba zai hau dandali ya kunyata kansa ba, ko da Darakta za ta kore shi daga gidan wasan. Da yake kuwa Daraktar 'yar ƙanwarsa ce, a gabanta ya yi rantsuwar, yana tsaye a ofishinta yana buga tebur.

Ɗaki ne ya jawo rigimar. A bayan zauren 'yan kallo akwai wani dogon ɗaki mai daɓen katako, da madubi tsagagge a bango, da fanka biyu, ɗaya ce kawai ke juyawa. A nan 'yan wasan kwaikwayo suke gwaji kafin su fita gaban jama'a. Wani mai kamfanin sabulu ya yarda zai gyara gidan wasan kaf, rufi da kujeru da fitilu, da sharaɗin a ba shi ɗakin nan ya fasa bangonsa ta wajen titi ya yi shaguna. Ma'aikatar da ke kula da gidan ta yi na'am. A ganin Babban Sakataren ma'aikatar, ɗakin da ɗan kallo ba ya shiga ba shi da wani amfani.

Dabarar Darakta ita ce a gayyato mutanen biyu kallo, a yi musu sabon wasa wanda kowa ya haddace nasa a gida, amma ba a taɓa haɗuwa an gwada ba, don su ga yadda wasa yake lalacewa in babu gwaji.

"Kawu, na yi musu bayani da baki, na yi a rubuce," in ji ta. "Su wasa suke gani ya fito sumul, sun ɗauka haka Allah ya halicce ku. Gani ya kori ji."

"To ki kai shi ɗakin ya gani mana."

"Na kai shi. Da ƙafa ya riƙa auna faɗinsa."

Kawu ya ja tsaki. Shi dama yana da tsohon ciwo game da yarinyar nan. Shi ya fara kawo ta gidan wasa tana ƙarama, kuma har gobe yana cewa bai ga mai muryarta ba. Sai ta tashi ta tafi karatun kasuwanci. Daga nan kamfanin talla, daga nan ma'aikata, inda ta yi ta faɗi-tashi har aka yi dokar da ta hana a ɗauki wasan mutum a sayar ba da izininsa ba. 'Yan wasa sun yi ta sa mata albarka, ban da Kawu. In aka yi zancenta sai ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Da aka dawo da ita shugabancin gidan wasan ma bai sauko ba, cewa ya yi an aiko musu mai jakar ofis.

"In ba ka hau ba, yaran nan ba wanda zai hau," ta ce a hankali. "Kunyar rana ɗaya nake roƙo, Kawu."

Ya buga ƙofa ya fita. Ranar wasan kuwa shi ya riga kowa zuwa, yana mita yana ɗaura rigar alƙali.

Wasan na ban tausayi ne, labarin alƙalin da aka kawo ɗansa gabansa. Mai kamfani da Babban Sakatare suka zauna a layin gaba, ma'aikatansu a baya, aka ɗaga labule.

Tun ba a je ko'ina ba abu ya dagule. Mai ƙara da wanda ake ƙara suka shigo ta ƙofa ɗaya lokaci guda, suka maƙale. Mai fitila ya haske kusurwar da ba kowa, matar alƙali tana can cikin duhu tana rusa kuka. Ɗan aike ya faɗo a guje ya ba da labarin mutuwar mutumin da ke tsaye kusa da shi, mamacin ya rasa yadda zai yi, sai ya kwanta a hankali. Kawu ya daure, ya yi jawabinsa da muryar nan tasa mai cika zaure, ya tattara rigarsa zai zauna ya yanke hukunci. Ashe wani ya janye kujerar don ya sami hanya. Sai ga alƙali tim a ƙasa, ƙafafu a sama.

Zauren ya kece da dariya. Daga inda yake kwance Kawu ya hango mai kamfani yana dukan cinya yana share hawaye, Babban Sakatare kuma ya cire tabarau yana tari. Nan take ya gane dabarar ta ɓaci. Ya daɗe a sana'ar nan, ya san dariyar raini, ya san ta jin daɗi. Wannan ta jin daɗi ce.

Da aka sauke labule mai kamfani ya hau dandalin da kansa, yana gaisawa da kowa.

"Wai da gaske ba ku gwada wannan ba?" ya tambayi Darakta. "To baiwar Allah, me za ku yi da ɗakin gwaji? Ai kun gama mini magana!"

Kawu ya dube ta. Bai taɓa ganin fuskarta haka ba tun tana yarinya. Ba ta hango wannan ba, ta haƙa rami ta faɗa da kanta. Haushin da yake ji ya gushe, tausayinta ya kama shi, har ya ji kamar ya ja ta bayan labule ya ɓoye ta.

"Zan kawo abokan cinikina daga waje," mai kamfani ya ci gaba. "Wannan nake so su gani. Shi sak, har faɗuwar dattijon nan."

Darakta ta ja numfashi. Sannan ta ɗago.

"Ranka ya daɗe, ba mu da shi."

"Kamar yaya? Yanzu na kalla."

"Ya ƙare. Ko mu ba mu san yadda aka yi ba. A ce wata rana tukunya ɗaya a masana'antarka ta fitar da sabulu mai ƙamshin da ba a taɓa ji ba, bisa kuskure, kuma ba wanda ya san me aka zuba. Za ka kai shi talla?"

Mai kamfani ya daina murmushi. "Wa zai tallata abin da ba zai iya sake yi ba?"

"To haka namu yake. In kana so su maƙale a ƙofa daidai lokacin da suka maƙale, mai fitila ya yi kuskure daidai inda ya yi, sai sun yi wajen wata guda suna maimaitawa. Kawuna kuma yau Allah ne ya kiyaye. In ya sake faɗuwa bai koyi faɗuwar ba, asibiti za ka kai baƙinka su gaishe shi. Wurin koyon kuwa shi ne ɗakin da ka auna."

Ba ta bari ya huce ba. Ta ce shagunan da ke bayan gida wa zai gan su? Ga doguwar baranda a bakin ƙofar shiga, inda duk ɗan kallo sai ya tsaya jiran tikiti, a nan ciniki yake. Ta juya ga Babban Sakatare ta ce in ma'aikata ta rubuta cikin yarjejeniyar cewa ɗakin gwaji ɓangaren dandali ne, ba wanda zai ƙara tayar da zancen, kuma za a tuna a zamaninsa aka yi. Babban Sakatare ya mayar da tabarau, ya gyara tsayuwa.

Kawu yana tsaye yana dafe da ƙugu, ya saki baki. Muryar nan ce dai, wadda ya yi shekaru yana makokinta. Yadda take jan numfashi kafin ta saki magana, yadda take barin shiru ya yi mata aiki, duk shi ya koya mata, kuma ga shi ta fi shi iyawa. Alfahari ya cika masa ƙirji har ya ji kunyar kansa.

Mai kamfani ya shafa haɓa. "Na bar ɗakin, na karɓi baranda. Amma fa da sharaɗi ɗaya. Dattijon nan da kansa zai faɗi, kowane wasa. In an sa wani, babu magana."

Kowa ya juya. Kawu tun tasowarsa sarki yake fitowa, ko alƙali, ko uba mai faɗa a ji. Ba a taɓa yi masa dariya a dandali ba sai yau. Darakta ba ta roƙe shi ba, ta riga ta ce rana ɗaya, kuma ba ta ƙara komai a kai ba. Ta dube shi kawai ta ce, "Kawu?"

Ya gyara rigar alƙalinsa, ya kaɗe ƙurar da ke bayanta.

"Ke dai kin cuce ni, 'yar nan," ya ce. Sannan ya ɗaga murya yadda na bayan zaure za su ji. "Gobe da safe kowa ya hallara ɗakin gwaji. Kuma wani ya zo mini da katifa."