Tarwaɗar Alhaji Ɗahiru

Bayan gidana a Koki akwai kududdufi. Tun muna yara, in damina ta yi nisa ya cika, ruwan kan bi ta kwalbati ya sauka rafin Jakara, tarwaɗa su bi shi, su je su dawo. Ba mai tambayarsu ina za su.

Sai bana maƙwabcina Alhaji Ɗahiru, mai sayar da bokitai a Ƙofar Wambai, ya jibga buhunan yashi ya toshe kwalbatin. Wai kifin da ya girma a bayan katangarsa ba zai je ya ƙare a tukunyar wasu ba.

Na ce, "Alhaji, ruwan fa?"

Ya ce, "Ruwa na Allah ne, Malam Salihu. Kifin ne nawa."

Ran Laraba da hantsi aka tsuge da ruwa. Kududdufi ya rasa hanya, ya biyo ta zaurena. Ginin ƙasa ne, mahaifina ya gina shi, in ya kwana a jiƙe to sai dai labari. Ina tsaye ruwa iya ƙauri, sai ga wata ƙatuwar tarwaɗa ta shigo, ko sallama babu.

Sai ga Alhaji da bokiti, ya naɗe wando.

"Malam, an ce tawa ta shigo nan."

"Taka ce?"

"Haba! Har gashin bakinta na gane."

Na jefa ta a bokitinsa, na ce mu je gidan mai unguwa. Abin da aka saba ke nan in dabbar wani ta shiga gidan mutane.

Mai unguwa ya leƙa bokiti. "Alhaji, in akuyarka ta yi wa mutum ɓarna, wa ke gyara?"

"Mai ita, ranka ya daɗe."

"Madalla. Ga zauren Malam, ga madafin 'Yardada mai ƙosai, ga katangar makaranta, duk sun jiƙe."

"Ranka ya daɗe, kifi ai ba ya rushe gini. Ruwa ne."

"Da ƙafa ta zo? Ruwan ai abin hawanta ne."

Alhaji ya tsuguna, ya daɗe yana kallon tarwaɗar, ita ma tana kallonsa.

"Yanzu da na duba da kyau, wannan ba tawa ba ce. Nawa sun fi haske."

"Baƙuwa ce ke nan. Wa ya ce ka tsare baƙi? Tashi ka ba su hanya."

Da hannunsa ya janye buhunan, yana zamewa yana salati, mata na leƙe ta kan katanga. Ruwa ya yi gurnani ya wuce, kifi na ta tsalle a ciki. Kafin la'asar zaurena ya tsane, ko tsagewa bai yi ba.

Ita kuwa baƙuwar, maiɗakina Sa'ida ta yi farfesu da ita. Na aika wa Alhaji kanta, ko zai ƙara duba gashin bakin.