Tabo Kamar Ƙwayar Wake

Zulaihatu ta ɗaga rigarta a ɗakin ajiyar fayil. Atika, shugabar masu buga tafireta, ta duƙa tana leƙen ƙasan cibiyarta, sai ta kece da dariya.

"Wanga shi ne aikin da anka yi miki? Ɗiyata, ai ko tsagar wanzami ta fi shi."

Tabon bai wuce ƙwayar wake ba. Ta nan likitan Kaduna ya zura ƙarfe mai fitila har mahaifarta, ya gyara abin da zai gyara, ya ce ta kwanta, kada ta ɗauki kaya mai nauyi. Ba ta gama kwanciyar ba. Gwamnatin soja na ta korar ma'aikata, kuma Malam Attahiru, shugaban sashensu, ya aika har gidansu a Unguwar Rogo cewa mai ciwon gaske ta zo a ga tabo.

Atika ta kai masa rahoto a gaban kowa.

"Matata da anka yi wa tiyata, daga nan har nan anka tsaga ta," in ji shi, yana jan yatsa a kan tumbinsa. Ya dubi Zulaihatu. "Ke ko 'yar boko, yawon Kaduna kinka tafi. Tunda lafiyarki lau, ɗauki tafiretar can ki kai ofishin sama."

Ba ta roƙe shi ba. Ta rungumi ƙarfen ta hau matakala, haƙoranta a datse. Kafin ta kai ƙarshe ta ji wani abu ya tsinke, ɗumi ya gangara cikin zanenta. Ta ajiye, ta shafa, ta ga jini a tafinta. Har ta yi murmushi. Ga shaida ta samu.

Ta sauko tana bin bango. A bakin ƙofa ta ji Malam Attahiru yana gaya wa maza: "An ƙara umarni yau. Ba masu ƙaryar ciwo kaɗai ba, har raggayen da ciwo ya hana aiki, duk a sallame su."

Ya juyo. "To, 'yar boko, yaya cikin?"

Zulaihatu ta dunƙule hannun. Ta sauke gyalenta daga kafaɗa, ta ɗaure shi tam a ƙugu, ta zauna a kujerarta.

"Lafiya lau, Malam. Mi za a buga?"