Katunan Don Fulgencio a Gwanjo

Alkawarin da ya juyo zai ci wanda ya ƙulla shi, cika shi ne amana ko karya shi? Har yau ban sani ba.

Mu huɗu ne a birnin Rosario masu tara tsofaffin katunan gidan waya masu hoton jirgin ƙasa. Babbanmu Fulgencio, wanda muke girmamawa da laƙabin Don, shi ya kafa mana doka: a ɗakin gwanjo mutum ɗaya ke tayi, sauran su kame, kaya su faɗi da arha, mu raba a gidan kofi. Shekara da shekaru ba wanda ya saɓa.

Sai shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, magana ta ɗauke. 'Yarsa Nélida ta kawo katunansa gwanjo don ta ɗaukar masa mai jinya. In ba su yi daraja ba, sai gidan tsofaffi.

Ta tare ni a bakin ƙofa. "Baba Evaristo, na san dabararku. Ka taya ko sau ɗaya, farashi ya motsa."

"Mahaifinki ne ya rantsar da mu, 'yata. Ba zan iya ba."

Ranar, a cikinmu Casimiro ke da tayi. Ya zauna kusa da ni, ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Dubi fuskarka, kamar wanda jirgi ya bari a tasha! Danne hannunka, tsoho. Da katunanka ne, Fulgencio ko ƙifta ido ba zai yi ba."

Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi damuna ke nan.

Mai gwanjo ya ɗaga katin farko: tashar wani ƙauye da aka daɗe da rushewa, jirgi tsaye cikin hayaƙi, ga hatimin taragon wasiƙu a bayansa. Ya fara da peso dubu ashirin, alhali darajarsa ta kai ninki goma. Casimiro ya taya. Ba wanda ya ƙara.

Na waiwaya. Nélida ta turo mahaifinta a keken guragu, idonsa mai lafiya yana kaina. Roƙona yake, ko gargaɗi? Bakinsa a karkace, ba abin da na gane.

"Ɗaya," in ji mai gwanjo. "Biyu..."

Casimiro ya take mini ƙafa.

Na ɗaga hannu.