Hannun Irimiya a kan Sitiyari

Shekara guda bayan samun 'yancin kai, Irimiya yana tuƙa babbar mota tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, yana jigilar shinkafa da albasa. Matarsa Sara ta daɗe da lura cewa ba ya iya riƙe kofin shayi da safe sai ya fara zagayawa bayan ɗaki ya kurɓi giya. Abinci ya daina shiga masa. In ta yi magana ya ce gajiyar hanya ce.

Wata ranar Lahadi, bayan an taso daga coci, ya rantse mata ya bari. Da hannunsa ya zubar da kwalabe uku da ya ɓoye cikin buhun gawayi. Sara ta yi murna har da hawaye.

Ranar Talata da hantsi suka kama hanyar Argungu. Sara ta bi shi don ta gaida yayarta. A gaba kusa da ita akwai Riskuwa, wata dattijuwa daga Zauro, mai buhunan shinkafar da aka ɗauko. Tun daga tasha rigar Irimiya ta jiƙe sharkaf, hannunsa na rawa a kan sitiyari. Sara ta tambaye shi ko zazzaɓi ne, ya ci gaba da tuƙinsa.

Sun yi nisa sai ya fara kaɗe cinyarsa, yana cewa kunamai na hawa ƙafarsa. Sara ta duba, ba ta ga komai ba. Motar ta fara karkata wajen fadama, inda ruwa ya cika har bakin hanya. Riskuwa ta kama salati.

"Baban Caroline, taka birki," in ji Sara, tana kiransa da sunan 'yarsu. "Don Allah ka dube ni, ka taka."

Ya taka. Motar ta tsaya, ƙafarta ɗaya cikin laka. Irimiya ya faɗo ƙasa yana makyarkyata, bai gane matarsa ba.

"Wanga iska na," in ji Riskuwa.

Sara ta ce ba iska ba ce, kwana biyu ke nan bai sha ba. Wannan ne karo na farko da ta faɗi maganar a gaban wani.

Wasu manoma suka ɗora shi a amalanke zuwa ɗakin shan magani na Argungu. Malamin da ke wurin, Ephraim, ya yi masa allura, sannan ya gaya wa Sara cewa wanda giya ta kama haka, in ya yanke ta lokaci guda ba tare da magani ba, yana iya mutuwa. Sara ta zauna a dandamali.

Kwana biyar ya yi kafin ya kira sunanta. Mai motar ya ba wani tuƙin. Da suka koma gida Irimiya ya kama aikin faci a bakin tasha, Sara kuwa ta ɗauki watanni tana shinshina numfashinsa duk lokacin da ya shigo.