Rufin Jar Motar Baba Job

Ranar Alhamis da hantsi janwe ta sauke motar a garejin Malam Ukasha da ke Mayo Gwoi, kuma tun kafin tayoyinta su taɓa ƙasa Nathan ya san akwai matsala. Ba don komai ba sai don yadda Malam Ukasha ya kalle ta. Shekararsa talatin yana gyaran jikin mota, kuma duk wanda ya san shi ya san in ya yi shiru yana sosa gemu, to akwai magana.

Motar dai tsohuwar MG ce, ja, 'yar ƙarama, irin ta tsere da Turawa ke yayi a da. Nathan ya tsinto ta ne a Mutum Biyu, a gindin mangwaro, kaji na ƙwai a kan kujerunta. Yana ganinta ya tsaya cak, don irinta ce sak da ta mahaifinsa.

Baba Job, mahaifin nasa, bakanike ne a ma'aikatar gona tun Jalingo tana ƙaramin gari. Wani Bature likitan dabbobi ne ya bar masa motar da zai koma ƙasarsu. Kujera biyu gare ta, ba ta da rufi, sai tanfol da ake ja in hadari ya taso. Ko bayan injinta ya mutu Baba bai daina goge ta duk safiyar Lahadi ba. To, shekara goma sha tara da suka wuce, Baba na kwance a Yola ana masa aikin ido, Nathan kuma na neman filin da zai gina ɗakin aure a gidansu na Kachalla Sembe. Sai ya kira 'yan gwangwan suka ɗauke ta. Wauta ce ta ƙuruciya, ba ta da wani suna. Baba ya dawo ba ido, ya lalubo wurin da motar take, hannunsa ya ci karo da bangon bulo. Ya shafa bangon, ya koma ɗakinsa. Daga ranar har yau bai taɓa tayar da maganar ba, kuma wannan shirun ne ke cin Nathan.

Matsala ɗaya ce: wannan ta Mutum Biyu tana da rufin ƙarfe. Manomin da ya same ta a wajensa ya rantse cewa wani ne ya yi mata waldar rufin daga baya saboda damina. Nathan ya yarda, don yana son ya yarda. Bai ko jira an duba ba, daga can ya buga wa Baba waya ya ce, "Na samo ta." Ƙanwarsa Miriam za ta kawo tsohon ranar Asabar.

"Malam Ukasha, aikin ba yawa," in ji Nathan. "Rufin nan za ka yanke, ta koma yadda take."

"Yadda take," Malam Ukasha ya maimaita. "To, zo mu tambaye ta yadda take."

Ya nuna masa wata walda mai kumburi a ginshiƙin rufin ta hagu. Nathan ya matso da sauri.

"Ka gani ko? Aikin hannu ne."

"Wannan kam na hannu ne, kuma hannun bai iya ba. Reshe ne ya faɗo mata aka toshe. Amma duba nan."

Ya zare robar bakin ƙofa, ya kankare fenti da wuƙa. Wasu ɗigo-ɗigo suka bayyana a jere, tazararsu ɗaya, kamar ɗinkin keken tela.

"Wannan waldar kamfani ce. Ba mai walda a Taraba da zai yi ta, har da ni. Iri biyu suka ƙera motar nan, Oga Nathan. Akwai buɗaɗɗiya, akwai mai rufi. Buɗaɗɗiyar gilashinta na gaba gajere ne, da noti ake ɗaure shi. Wannan kuwa dubi tsawonsa, kuma a cikin jikin motar yake zaune. Buɗaɗɗiyar tana da but, wurin kaya, a baya daban, da 'yan maɓallai a kewayen kujeru inda ake ɗame tanfol. Wannan bayanta ƙofa ce guda har da gilashi, tana ɗagawa sama. Ga ma 'yar kujera a baya. Ta Babanka tana da kujerar baya?"

 Nathan ya tuna yana yaro a kan cinyar uwarsa yake zama, don babu wani wurin.

"Da rufinta aka haife ta," in ji Malam Ukasha a hankali. "Ba ita ba ce."

 Nathan ya zagaya motar, ya sake zagayawa, yana neman maɓalli ko guda ɗaya, ko ramin da aka toshe. Babu. Tasu dai an daɗe da narkar da ita, wataƙila ta zama tukunya a gidan wani. Ya san haka tun tuni, yau ne kawai aka faɗa masa a ido.

"Ka yanke duk da haka," ya ce. "Baba ba ya gani."

"Ba ya gani, amma bakanike ne."

"Ka yanke, ka gyara bakin, ka sa maɓallan. Kwana biyu muke da su."

"In na yanke, bayanta zai saki, ƙofofin ba za su ƙara rufuwa daidai ba. Kuma abin da na yanke ba ya komawa yadda yake."

"Na ji. Motata ce."

Malam Ukasha ya dube shi da tausayi da ɗan haushi. Ya ɗauko alli ya fara zana layi a ginshiƙan, yana jan aikin kamar wanda aka aika inda ba ya so. Ya nemo injin yanka, ya ce faifan ya cinye, ya canja wani. Ya tayar da janareto. Nathan na tsaye yana murza makullin gidansa a aljihu har yatsansa ya yi ja. Tsoro yake ji, ba na motar ba, na hannun mahaifinsa.

Injin ya fara kuka ke nan wayarsa ta yi ƙara. Miriam ce.

"Yaya, Baba ya ƙi jiran Asabar. Tun safe ya sa kwat ɗinsa na coci ya zauna a bakin ƙofa. Ga mu a keke, mun kusa."

Bai san lokacin da ya ɗaga wa Malam Ukasha hannu ba. Injin ya yi shiru, faifan bai kai ga taɓa fenti ba. Ba a yi minti biyar ba keken ya tsaya. Miriam ta sauko da tsohon, siriri cikin kwat da ta yi masa yawa, da sandarsa.

"Sannu da aiki, mai gareji," in ji Baba Job. "Ina take?"

Nathan ya kama hannunsa ya ɗora a kan bonet. Yatsun suka bi fitila, suka bi hancin motar, fuskar tsohon ta buɗe da murmushin da 'ya'yansa suka manta yana da shi. Ya matsa gaba. Hannun ya hau gilashi, ya kai inda ya kamata ya ƙare, gilashin bai ƙare ba. Ya ci gaba har ya taɓa rufi. Nan ya tsaya.

 Baba ya bi rufin har baya, ya lalubi inda maɓallan tanfol za su kasance, ya dawo kan ginshiƙi. Ya murza yatsunsa biyu, ya kai hanci.

"Alli," ya ce. "Ƙarar da na ji ta wayar Miriam, injin yanka ne?"

"Shi ne, Baba," in ji Nathan. "Ba taka ba ce. Na sani, kuma na ce a yanke. Taka ni na ba 'yan gwangwan, ba don ta lalace ba, don ina son fili."

"Na sani. Bulo na taɓa, ai."

Tsohon ya sa hannun kwat ɗinsa na coci ya fara goge layin allin, a hankali, yadda yake goge waccan ranar Lahadi.

"Uwarku Keziah, Allah ya ji ƙanta, duk damina sai ta jiƙe a waccan. Tanfol ɗin yoyo yake. Ta ce mini, Job, Baturen nan bai ga mai rufi ba ne? Na ce mata akwai, wata rana." Ya dafa rufin. "An yanka mini ɗaya, Nathan. Ta isa."

Miriam ta juya baya tana share ido. Malam Ukasha ya kashe janareto ya shige cikin shago, wai neman wani abu.

Baba Job ya lalubo hannun ƙofa ya buɗe, ya sunkuya ya zauna a mazaunin direba, bai damu da kashin kaji ba. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Zagayo ka zauna," ya ce. "Shekara goma sha tara ina jira ka faɗa da bakinka."

Nathan ya zagaya. Ƙofar ta ƙi buɗuwa saboda tsatsa, sai da mahaifinsa ya miƙa hannu ya buɗe masa daga ciki.