Fasto Japhet a Bencin Baya

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A wata majami'a can bayan kasuwar Zuru an yi wani fasto mai suna Japhet. Allah Ya ba shi baki, in ya hau mumbari ko mai gyangyaɗi sai ya wartsake.

Cikin ikilisiyarsa akwai Larai, matar soja ce, mijin ya tafi bakin daga bai dawo ba. Wata Laraba ta same shi a ofis, ta durƙusa ta ce, "Baba Fasto, wata uku ke nan ina dafa burukutu a ɓoye don yaran nan su ci. Jiya na fasa tukunyar. Ka yi mini addu'a, amma tsakaninmu." Ya yi mata, ya sallame ta.

Ran Lahadi wa'azi ya yi daɗi, ana ta amin, sai baki ya kwashe shi. Ya ce, "Wata ta zo wurina, ba zan kama suna ba, mijinta soja ne ya rasu, tana hanyar Manga, ta tuba daga dafa giya!" To, matan soja nawa ne a hanyar Manga da ba su da miji? Kawuna suka juya. Larai ta ja ɗankwali ta rufe fuska, ta fita. Kafin mako ya zagayo, zumuntar matan ikilisiya ta karɓe jan waƙa daga hannunta.

A gida matarsa Hannah ta dangwarar da tuwo gabansa ta ce, "Baban Leah, wai ba ka kama suna ba? Saura ka ɗauko ƙofar gidanta ka kawo mana."

Ya ce misali ne kawai ya bayar. Amma tuwon nan bai ciwu ba. Lahadi huɗu idonsa na zuwa wurin zaman Larai, babu kowa.

Ranar cin jibin Ubangiji, gurasa na hannunsa, ya tuna inda Yesu ya ce in ɗan'uwanka yana da magana a kanka, ajiye baikon da ka kawo wa Allah ka je ku shirya tukuna. Ya miƙa wa dattijon ikilisiya, Ezekiel, faranti, ya hau babur.

Ya tarar da Larai tana sussukar dawa. Ko kujera ba ta ba shi ba. Ya tsuguna ya ce ta gafarta masa.

Ta ce, "Gaban mutum ɗari biyu ka tuɓe ni, Baba Fasto, sai ka zo bayan rumbu ka ba ni haƙuri? Kajin nan ne shaiduna?"

Ya tashi ya koma gida.

Lahadi ta gaba bai hau mumbari ba, ƙasa ya tsaya, muryar nan duk ta shige. Ya ce, "An ba ni amana na tallata don wa'azina ya yi daɗi. Ita ta tuba kafin ku ji, ni ne ban tuba ba. Dattawa, ku sa ni horo."

Ezekiel ya ce, "Fasto, ba a taɓa yi ba."

Japhet ya ce, "Da wani ne, da tuni kun yi." Ya taka har bencin baya, inda masu horo ke zama, ya zauna kusa da wani da ya doki tasa matar. Mutumin ya matsa masa wuri.

Wata uku ya yi a can, ba wa'azi, ba jibi, Ezekiel ya riƙe sujada. Larai ta dawo a wata na biyu, zumunta ta mayar mata da waƙarta. Ta gafarta masa, amma daga nan in tana da damuwa wurin Hannah take kai ta. Japhet ya koma mumbari, yana can har yau.