Sabis Har Ɗakin Ƙurya

Ranar wata Talata da hantsi Mama Agnes ta zo shagon Maje a Fagge. Ta sauko daga adaidaita, ta tsallake kwata a hankali tana dogara lemarta, ta tsaya bakin ƙofa tana leƙe. Maje na tsugune yana warware kebul. Da ya ɗaga kai ya gan ta sai ya miƙe a gaggauce, har ya gwara kansa da kantar shagon.

"Mama! Ke ce da kanki? Ai da kin aiko."

"Wa zan aika? Nneka ba ta iya barin shago," in ji ta. "Kai kuma ka daina zuwa, ɗana."

Ya sunkuyar da kai, ya jawo mata kujera. Gaskiya ta faɗa. Ya fi shekara biyar rabonsa da gidansu na Sabon Gari, alhali tafiyar ba ta kai minti goma ba.

A gidan nan ya girma, kusan za a ce. Mijinta, Baba Boniface, mai gyaran rediyo ne, a wurinsa Maje ya koyi narka darma da bin waya har inda ta tsinke. Ɗansu Ebuka kuwa amininsa ne tun firamare. Shekarar da soja suka koma bariki suka gama sakandare tare, bayan shekara biyu suka haɗa hannu suka buɗe kafen intanet da kwamfuta huɗu 'yan kwatano. Sai rikici ya tashi a gari a shekara ta dubu biyu da huɗu. Kwana uku Ebuka ya yi a ɗakin Maje bai leƙa waje ba. Da ƙura ta lafa Maje ya raka shi tashar manyan motocin kudu. Daga Onica ya wuce Sin, ya zama dillalin 'yan kasuwa a Guangzhou. Da farko suna waya duk mako, daga baya sai da salla da kirsimeti, daga nan shiru. Ba faɗa suka yi ba. Abin da ya fi damun Maje ke nan, don da faɗa ne da an yi sulhu.

Mama Agnes ta faɗi abin da ya kawo ta. Wata huɗu ke nan Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, yana kwance a ɗakin ƙurya. Ebuka yana kira ta bidiyo, amma rauta, na'urar da ke ba da sabis ɗin intanet, tana shagon maganin ƙanwarsa Nneka a bakin titi, sabis ɗinta ko tsakar gida ba ya kaiwa. Sau biyu aka cicciɓo tsohon zuwa shago, na biyun ya yi kuka don kunyar masu sayen magani. Tun daga nan ya ƙi.

"Ta layin waya fa?" Maje ya tambaya.

"Ka manta ɗakin? Kamar rijiya yake. Ko kira ba ya shiga."

Washegari da sassafe ya isa da tsani da nannaɗen kebul da ƙananan na'urori biyu farare masu karɓar sabis daga rauta su yaɗa shi gaba. Gidan dogo ne irin na Sabon Gari, ɗakuna jere hagu da dama, siririyar hanya a tsakiya, igiyoyin shanya sun gitta ko'ina. Ya fara bi da wayarsa yana duban ƙarfin sabis. A zaure sanda uku, wajen famfo ɗaya, yana wuce ɗakin girki ya ɗauke ɗif. Bangon tsohon gini ne mai kauri, ga tankin ƙarfe ya tare hanya.

Nneka ta nuna masa wata 'yar na'ura da ta sayo a kasuwa, irin wadda ake soka wa a soket. Ta ce an rantse mata za ta kai ko'ina.

"Wannan abin da ta ji take maimaitawa," in ji Maje. "In da rauni ya zo mata, da rauni za ta miƙa. Kebul za mu ja tun daga shago."

Aikin ya ci yini biyu. Ya bi ƙarƙashin kwano da kebul, yana kafa shi da ƙananan ƙusoshi, ya kauce wa wayoyin wuta. Veronica, wata 'yar haya mai sayar da busasshen kifi, ta fito ta ce ba za a ratsa mata saman ƙofa da abin da zai jawo tsawa ba, ga damina ta kankama. Maje ya sauko daga tsani ya ba ta kebul ɗin ta taɓa, ya yi mata bayani, amma ba ta sauko ba sai da ya ce ita ma sabis zai shiga ɗakinta. Na'ura ta farko ya kafa ta a ƙarƙashin rumfa gaba da tanki, ta biyu a saman ƙofar ɗakin ƙurya daga ciki. Ya ba su suna ɗaya da lambar sirri ɗaya da rautar shago, don waya ta riƙa sakin wannan ta kama wancan ba tare da mai ita ya sani ba, amma kowacce ya ɗora ta a tasha daban kada su riƙa danne juna. Ya haɗa su da batirin shagon saboda ɗaukewar wuta.

Duk lokacin da yake aiki a ɗakin, Baba Boniface na bin hannunsa da ido. Ya rame, bakinsa ya karkace. Da Maje ya zo matse kan kebul, sai tsohon ya yi gurnani, ya ɗaga yatsan hannunsa mai lafiya. Maje ya duba, ashe ya sauya jerin wayoyi biyu, kore da ruwan lemo. Ya yanke ya sake. Tsohon ya lumshe ido.

Ranar Juma'a da ƙarfe goma na safe, lokacin yamma ta yi a can, wayar Mama Agnes ta yi ƙara a cikin ɗakin da kira bai taɓa shiga ba. Ta dafe ƙirji. Nneka ta karɓa ta riƙe wa mahaifinsu a gaban fuska. Maje ya ja baya ya tsaya a bakin ƙofa yana naɗe ragowar kebul da ya riga ya naɗe. Yana jin muryar Ebuka, da Ibo take magana, ta ƙara kauri, amma dariyar tana nan yadda ya san ta. Baba ya yi ta ƙoƙarin furta sunan ɗansa, ya kasa, ya ɗora tafin hannu a kan gilashin wayar har ya rufe fuskar.

Can sai Maje ya ji an ambaci sunansa. Kafin ya ankara Mama Agnes ta danƙa masa wayar.

Furfura ce ya fara gani a gemun.

"Maje," in ji Ebuka da Hausa. "Kai ne ka zama ƙato haka?"

"Kai kuma ka tsufa."

Suka yi dariya. Maje yana da tambayoyi na shekara goma sha ɗaya, ya rasa ta farko. Ebuka ne ya riga shi magana.

"Na sha ɗaukar waya in kira ka. Sai in ga an daɗe, me zan ce? Gobe kuma ya ƙara daɗewa." Ya share fuska da hannu. "In 'yan kasuwar atamfa ta Kwari suka zo sayen kaya, har otal nake bin su, don kawai in ji ana Hausa."

"Ai lambata ba ta canja ba," Maje ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Na sani. Ina da ita." Ya matso da fuskarsa kusa da allon. "Mutumina, don Allah zagaya da ni gidan. In gani."

Maje ya juya kyamara ya fita. Ya nuna masa ɗakin girki, da tanki, da famfon da suke wanke ƙafa in sun dawo daga ƙwallo. Ebuka na tambaya, ina bishiyar gwanda, wa ke ɗakin su Ambrose yanzu. Veronica ta leƙo ta ɗaga masa hannu ko da yake ba ta san shi ba. Maje na tafe yana satar kallon saman allon. Wajen tanki wayar ta saki na'urar ɗaki ta kama ta rumfa, hoton bai ko girgiza ba. A zaure ta koma kan rautar shago.

Ya fito bakin titi. An yi yayyafi da asuba, kwalta na sheƙi, 'yan adaidaita na ta hon, mai gasa masara ta hura wuta a gefen kwata. Maje ya ɗaga wayar ya nuna masa titin.

"Matsa gaba kaɗan," in ji Ebuka. "Wajen kwanar nan, inda kafenmu yake."

Maje ya taka. Taku goma, hoton ya fara kakkaryewa. A na ashirin fuskar ta tsaya cak da baki a buɗe, kiran ya yanke. Kwanar na can gaba, shagon ya zama wurin sayar da tayoyi.

Ya daɗe tsaye da wayar a hannu. Sannan ya juyo ya dubi bangon shagon Nneka ta waje, ya auna tsayinsa da ido, ya duba inda kwano zai kare na'ura daga ruwa. Ya shiga ya mayar wa Mama Agnes wayarta. Ta riga ta zuba masa shinkafa da miya, ta ce ba zai fita ba sai ya ci.

"Zan ci, Mama," in ji shi. "Tsanin nan a bar shi a nan. Gobe da safe zan dawo, akwai sauran na'ura guda ɗaya da zan kafa ta waje."